Wutar da ido baya gani: yadda ake awon wuta a inda hayaƙi baya tashi sama

Kawuna mai walda ne a Magazin, unguwar makanikai can Suame a Kumasi, kuma in dai zancen wuta ne baya yarda wani ya fi shi sani. Shi idonsa ne ma'auninsa. Zai buɗe gas ɗin kabaid ya ƙyasta, wutar ta fito jajir tana hayaƙi tana zubar da baƙi-baƙi a iska, sai ya riƙa murɗa oksijin a hankali yana kallo har tsakiyarta ya tsuke ya koma shuɗi mai haske, sannan ya gyaɗa kai yace ta yi. Shekara da shekaru bai taɓa tambayar digiri nawa bane, kuma wallahi ƙarfe bai taɓa ƙaryata shi ba. Ranan an yi dumso, wato an ɗauke wuta, muna zaune a ƙofar gida nan Aboabo da kyandir a kan benci, sai na nuna masa wani hoto a waya, kyandir biyu gefe da gefe, ɗaya an kunna shi a duniya ɗaya a cikin jirgin sararin samaniya. Na duniyan dogo ne rawaya mai tsini irin wanda ke gabanmu, ɗayan kuwa kamar an kifa 'yar ƙaramar ƙwarya shuɗiya a kan lagwani, dishi-dishi da ƙyar ake ganinta. Ya daɗe yana kallo sannan yace, "Kai ɗana, wannan ai wuta ce mara lafiya. Toh su da suke can ta yaya suke sanin zafinta?"

Na ba shi amsa a tsaitsaye a daren amma ni kaina bata gamsar dani ba, shine na zauna in warware ta a nan. Don tambayar tasa ita ce ciwon kan masu wannan aikin gaba ɗaya, wutar can rauninta ya kai in ka taɓa ta da abin awo ka canza ta, in kuma ka tsaya kallo da ido ta yaudare ka.

Sai an fara gane me yasa ta canza kama tukuna. A nan ƙasa iska in ta ji zafi sai ta buɗe ta rage nauyi, mai sanyi da ta fi ta nauyi ta shigo ta ƙarƙashi ta ingiza ta sama. Shi yasa harshen wuta ke tsayawa da tsini, shi yasa rufin kicin ke yin kunkunniya daɓen kuwa fes, shi yasa kurfoti ke da ƙofa a ƙasa. Wato duk wutar da ka taɓa gani tana da ɗan zuga nata na kyauta wanda baya gajiya, yana kawo mata sabon oksijin ta ƙasa yana kwashe hayaƙi ta sama, kuma nauyi ne ke sa shi aikin. A cire nauyi, ɗan zuga ya ajiye zugazugi. Iska mai zafi bata da inda zata tashi tunda babu sama babu ƙasa, sai ta tsaya nan ta lulluɓe wutar, oksijin kuma sai dai ya sulalo da kansa sannu-sannu ta cikin hayaƙin, kamar siga da ya kwanta a gindin kofin ataya ba a juya ba. Wutar sai ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan, zafinta ya sauka, ta daina yin ƙurar baƙin nan. Ita wannan ƙurar ce dama in ta yi zafi take haskawa ta ba kyandir launin rawaya, babu ita sai shuɗi kawai ya rage. An kunna kyandirori a jirgin Amurka a 1992, aka sake a tashar Mir ta Rasha a 1996, a can akwai wanda ya kai minti 45 yana ci a hakan.

Wani gyara kafin in wuce, don ana yawan faɗinsa ba daidai ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 ne sama da mu, kuma a wurin ƙasa na jan abu da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da take janmu a Kumasi. Abin da ke faruwa shine tashar da duk abin da ke cikinta faɗuwa suke tare, sai dai gudunsu na gefe ya sa kullum suna kuskure ƙasar. Mai faɗuwa kuwa baya jin nauyinsa har sai ya dira.

Wannan ne ya sa hanya mafi arha ta yin gwajin ita ce a sako kaya daga sama. Wani farfesa ɗan Japan mai suna Kumagai tun a shekarun 1950 yake kunna ɗigon mai a cikin akwati da kyamara ya saki akwatin, ya samu kusan daƙiƙa ɗaya. NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na da hasumiya a cibiyarta ta Glenn a Cleveland, faɗuwar mita 24, daƙiƙa 2.2. Suna da wani rami kuma tun 1966 da ake zuƙe iskar cikinsa, faɗuwar mita 132, daƙiƙa 5.18, daga ƙarshe kayan su nutse cikin tulin ƙwayoyin farin soson nan irin na cikin kwalin talabijin. A Bremen ta Jamus hasumiyar mita 146 ce, sakin kawai na ba da daƙiƙa 4.74, in aka harba kayan daga ƙasa suka hau suka dawo a samu 9.3. Lissafin ne bashi da tausayi, in kana son ninka lokacin biyu sai ka ninka tsawon huɗu, minti ɗaya tak sai da rami mai zurfin sama da kilomita 17, kusan daga Kejetia zuwa Ejisu amma a tsaye. Akwai jirgin sama mai hawa ya sulmiyo da ke ba da daƙiƙa 20 da 'yan kai, sai dai yana rawa, akwai ƙananan rokoki da ake harbawa daga arewacin Suwidin masu ba da wajen minti 6. Kaga kenan a hasumiya ko rami duk abin awon da za a sa dole ya gama aikinsa kafin ka gama atishawa biyu, kuma ya sha bugun da ya ninka nauyinsa sau sittin da wani abu a gindin rami gobe a sake ɗora shi.

Wanda ke son mintoci masu yawa sai tashar. A Nuwamban 2008 aka kai wani kabad na musamman can don kunna wuta da gangan, aka kafa shi a ɗakin gwaji na Amurka mai suna Destiny. A tsakiyarsa akwai tukunyar ƙarfe rufaffiya mai cin lita 100, wato rabin durom ɗin ruwa, da tagogi takwas kewaye da ita, kowace taga ana iya jingina mata kyamara ko fitila. 'Yan sama jannatin aikinsu canza kwalaben gas da kayan kunnawa ne, masu murɗa komai suna zaune a Cleveland gaban kwamfuta. Ka lura da tagogi takwas ɗin nan, don su kaɗai sun isa su nuna maka inda hankalin masu ginin ya karkata, a auna daga waje ta hanyar haske in dai zai yiwu.

Dalili shine tamokopul, wanda shine abin da kowa zai fara ɗauka. Wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban aka haɗa bakinsu, in mahaɗar ta ji zafi sai ta fitar da 'yar wutar lantarki, irin na gama-gari wajen miliyan-kashi 41 na bolt ɗaya a kan kowane digiri, ka auna lantarkin ka san zafin. Masu gyaran firji da injin suna da shi a jikin mitarsu. Na cikin wuta sosai da filatinum ake yinsa don kar ya narke. Matsalarsa ta farko ko a duniya akwai ta: wayar in ta yi ja tana zubar da zafi ta hanyar haske, ga wani zafin na gudu ta jikinta zuwa inda aka ɗaure ta, don haka adadin da take nunawa zafin wayar ne, iskar da ke kewaye ta fi haka, sai an zauna an yi lissafin gyara, kuma lissafin gyaran na bukatar ka san gudun iskar da ke wucewa ta kan wayar, abin da shi ma nema kake. Ta biyu kuwa tafi tsanani a sama. Wutar kawu ko ƙusa ka sa mata bata san ka yi ba. Amma wutar da ke rayuwa da ƙyar, duk zafin da waya ta sata daga bakinta aka cire, tana iya dusashewa a gefen wayar, ta karkace, ko ta mutu. Kamar ka tsoma babban cokali mai sanyi cikin ɗan kofin shayi kace zaka ji zafinsa, shayin da ka auna ba shine wanda aka zuba maka ba. Shi yasa suke siranta wayar iya sirantawa, sirantar kuma na sa ta karye a girgizar roka.

Dabarar da ni tafi burge ni ita ce ta zare. Ana miƙa wasu zarurruka na silikon kabaid, kaurin kowanne wajen maikuron 14, gashin kan mutum ya ninka shi kamar sau biyar, su ratsa ta cikin wutar. Zaren baya ƙonewa, ja kawai yake yi yana haske, inda yafi zafi yafi haske, sai kyamara mai launi da aka riga aka gwada ta da zafin da aka sani ta ɗauki hoto, kwamfuta ta juya hasken kowane ɗigo na zaren zuwa digiri. Tamokopul wuri ɗaya yake faɗa maka, zare ɗaya kuwa layi guda ne daga wannan gefen wutar zuwa wancan. Da na yi wa kawu wannan bayanin dariya yayi yace ai wannan aikin maƙera ne, kallon jan ƙarfe. Kuma gaskiyarsa, bambancin kawai kyamarar bata yin mura bata tsufa. An yi amfani da shi sosai a jerin gwaje-gwajen wutar gas da ake kira ACME daga 2017 zuwa 2022.

Sai rediyomita, ɗan abu ne da ke zaune nesa da wutar yana auna ɗumin da ke fitowa daga gare ta, kamar yadda kake miƙa tafin hannu wajen garwashi da hunturu ba tare da ka taɓa ba. A duniya ba shine babba ba, tunda iska ce ke kwashe yawancin zafin ƙaramar wuta. A sama kuwa da ɗan zuga ya tafi, wannan ɗumin da wuta ke watsawa ya zama babbar ƙofar asararta, har yakan kai ta zubar da fiye da abin da take samu ta mutu da kanta da mai a gabanta da oksijin a gefenta. A nan ne labarin da yasa na rubuta wannan duka ya faru.

Daga 2009 aka fara wani gwaji a kabad ɗin nan mai suna FLEX, nufinsu su koyi yadda ake kashe wuta. Allurai biyu ne ke haɗa ɗigon mai na 'yan milimita a tsakiyar tukunya su janye da sauri su bar shi yana shawagi, wayoyi masu zafi su kunna shi su ma su janye, wuta ta kewaye shi kamar ƙwallo. Ana haska fitila ta bayansa kyamara na ɗaukar inuwarsa, daga inuwar ake auna faɗin ɗigon a kowane hoto. Akwai tsohuwar doka a fannin: in ka ninka faɗin ɗigo da kansa ka zana shi a kan lokaci, layi ne miƙaƙƙe yana gangarowa, kuma tsananin gangarar shine saurin cin wutar. Toh sai suka kunna manyan ɗigon heptan, wani mai ne cikin dangin fetur, wutar ta buɗe ta dusashe ta mutu kamar yadda aka zata, kyamarar launi ta nuna duhu. A ƙa'ida layin ya kamata ya kwanta tunda ba abin da ke dafa ɗigon kuma. Bai kwanta ba. Ɗigon ya ci gaba da ƙanƙancewa da sauri kusan kamar da, cikin duhu, na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa, ma'aunin ɗumi na nuna akwai wani ɗan abu da ya rage, can sai kwatsam raguwar ta tsaya kamar an sake kashe wata wutar karo na biyu.

Ka sa kanka a matsayinsu. Ido yace ta mutu, inuwar ɗigo tace tana ci. Mai gaggawa cewa zai yi na'ura ce ta samu matsala ya jefar da sakamakon, kuma ni nan nake ganin bambancin mai awo na gaske da mai cika fom. Vedha Nayagam da Daniel Dietrich da Forman Williams da abokan aikinsu suka bi inuwar, a 2012 suka buga cewa wuta mai sanyi ce. Sunan ne kawai sanyi, zafinta na tsakanin digiri 230 zuwa 530 a ma'aunin Salshiyos, ta yau da kullum kuwa sama take da 1,200. Bata cinye man har ƙarshe, guba take bari a baya, iskar kabon monoksaid da fomaldihaid. An san irinta tun zamanin Humphry Davy a farkon shekarun 1800, amma a duniya walƙiya take yi ta wuce ko ta rikiɗe ta zama mai zafi, ba a taɓa ganin ta zauna daram a kan ɗigo tana ci ba. Makanikan Magazin ya kamata su kasa kunne a nan, don irin wannan sinadarin ne ke bayan ƙarar ƙwanƙwasar da injin fetur ke yi in mai ya kama da kansa kafin lokacinsa. Ba nokin ɗin da muke cewa in inji ya cije don rashin baƙin mai ba, wancan daban. Shi heptan ɗin ma shine sifili a ma'aunin oktan, wanda ke nuna yadda mai ke jure wannan ƙwanƙwasar. A 2021 aka sake samun irin wannan wutar a tashar, wannan karon da butan, ɗan'uwan gas ɗin da ke cikin silindar girkinmu.

Daga nan aka ƙara matsa wa kyamarori. Wuta tana da haske nata na sinadari ban da na ƙura, wasu gutsattsarin ƙwayoyi ne da ke rayuwa na ɗan ƙiftawa a daidai inda ƙonuwar ke faruwa, ɗaya na fitar da haske a nanomita 431 (lambar da ake gane launin haske da ita ce) wanda shine shuɗin da muke gani a murhun gas, ɗaya a wajen 310 wanda idon mutum baya kamawa sam, gilashin taga na gida ma baya barinsa ya wuce sosai. Sai a sa tacewa a gaban kyamara mai ƙara haske irin ta ganin dare, ta bar wannan launin kaɗai ya shiga, ka ga iyakar wutar ƙarara ko da ɗakin duhu ne a idonka.

Akwai kuma shiliran, dabarar wani Bajamushe Toepler ce tun 1864. Ka san kawalwainiyar da ke rawa a kan kwalta da tsakar rana ko saman tukubar mai tsire? Iska mai zafi ce ke karkatar da haske. A shiliran sai a turo haske miƙaƙƙe ya ratsa wutar, a tattara shi wuri ɗaya, a sa wuƙa ko tacewa mai launin bakan gizo a wurin, hasken da ya karkata sai ya fito da duhu ko da wani launi, daga launin a lissafa zafi ba a taɓa komai ba. Wahalarsa saiti, madubi ya goce kaɗan aiki ya ɓaci, ga shi roka ba ta da ladabi. Ƙurar baƙi kuwa da leza ake bin ta, a haska ta ratsa wutar a ga nawa ya ragu a ɗaya gefen. In ana son ganin ƙurar ido da ido sai wani ɗan hannu ya cilla 'yar raga mai sanyi cikin wutar ya fizgo ta kafin ƙiftawa, ƙurar ta manne, a dawo da ita duniya a duba a madubin ilekturon. An ga a sama ƙurar na daɗewa cikin wuta tana haɗuwa tana yin manyan curi, a wutar ɗigo ma har zobe take yi tsakanin ɗigon da harshen.

In kana son ganin iyakar raunin da ake magana, ga ƙwallayen wuta. Masanin Rasha Zeldovich ya hango su a lissafi a 1944, Paul Ronney ya ci karo da su a hasumiyar faɗuwa a 1984, aka kai gwajin sama da sunan SOFBALL a 1997 da 2003. Ana cika tukunya da iska mai ɗan haidurojin kaɗan ƙwarai a tartsa mata wuta, sai wasu ƙananan ƙwallaye su fito su tsaya cak suna ci ba sa yaɗuwa. Ƙarfin kowanne wajen wat 1, ɗan kyandir ɗin kek wajen wat 50 ne. Sai da kyamarar ganin dare ake ganinsu. A tafiyar jirgin sararin samaniya Columbia ta 2003 ɗaya ya rayu minti 81, kuma wannan tafiyar ce jirgin ya tarwatse a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairu da mutum bakwai, yawancin bayanan gwajin sun tsira ne don an riga an turo su ƙasa ta rediyo. Waɗannan ƙwallayen ko ƙananan injinan da ke daidaita zaman jirgin suka yi tari sai sun motsa, har aka riƙa kashe injinan ana barin jirgin ya yi ta shawagi lokacin gwaji. Shi yasa akwai wani ma'auni da ba ruwansa da wuta amma ba a karanta sakamako sai da shi, na girgiza, NASA na kiransa SAMS. Fanfo ya kunna, wani na gudu a kan injin motsa jiki, jirgin kaya ya jingina, duk yana rubutawa da lokacinsa, don in wuta ta yi rawa a san ko halinta ne ko wani ne ya bugi bango.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mecece. Mu da muka ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Kantamanto ta Accra a Janairun 2025, muka saba jin kasuwar Kumasi ta kama, mun san darajar ƙofar gudu, toh can babu ita. A Fabrairun 1997 wata na'urar samar da oksijin ta kama a Mir da mutum shida a ciki, hayaƙi ya cika ko'ina. Kuma raunin wutar sama yaudara ne. Cikin tasha fankoki na aiki ba dare ba rana don mutane su sha iska, 'yar iskar nan ta santimita kaɗan a daƙiƙa ta isa ta ciyar da wuta amma bata isa ta hure ta ko ta sanyaya ta ba, har an ga kayan da suka ƙi ci a duniya sun ci a can a oksijin ƙasa da wanda suke bukata a nan. Alhali gwajin da NASA ke tantance kaya da shi a duniya ake yinsa, a tsayar da tsinken kaya mai santimita 30 a kunna ta ƙasa, in wuta ta wuce 15 ya faɗi. Shi yasa in ƙararrawa ta buga a tashar fankokin ake fara kashewa. Don ganin babbar wuta kuma suka yi Saffire daga 2016 zuwa 2024, a cikin jirgin kaya na Cygnus bayan ya bar tashar ɗauke da shara ba kowa ciki. Na farkon ƙyalle ne mai kusan mita 1 a tsawo santimita 40 a faɗi, an saƙa tamokopul a jikinsa, ga rediyomita, ga ma'aunin oksijin, ga koriyar fitila na walƙawa don kyamara ta ga inda ya ƙone a bayan harshen. A turo bayanan ƙasa, sannan jirgin ya shigo iska ya ƙone da kayan awon duka.

Na'urar jin hayaƙi ma tata ta same ta. Mu a silin muke maƙala ta don hayaƙi zai je ya same ta, can kuwa a bakin bututun da ke zuƙar iska ake sa ta. A 2007 aka yi wani gwaji mai suna SAME, aka riƙa ɗumama kayan da ake samu a jirgi, Teflon na jikin waya, roba, har da lagwanin fitila, ana auna girman ƙwayoyin hayaƙin. Aka tarar kowanne da girmansa, na'ura mai aiki da haske tafi ganin manya, ƙananan irin na Teflon na iya wuce ta, mai aiki da cajin lantarki kuma ita ƙananan tafi ji. Yanzu da ake shirin komawa wata, inda nauyi kashi ɗaya cikin shida ne na nan, ɗan zugan zai dawo amma da kasala, kuma gwaje-gwajen da aka yi a jirgi mai sulmiyowa sun nuna akwai kayan da suka fi saurin kamawa a wannan tsaka-tsakin fiye da duniya.

Jiya na biya Magazin na tarar da kawu yana gyaran salansa, na karanta masa rabin wannan a waya yana ji yana aiki. Da na zo kan tagogi takwas sai ya ɗaga gilashin fuskarsa yace, "Tsaya. Duk wutar da ke hayaƙi tana ɓata gilashi, nawa ma kullum sai an goge. Su wa ke goge musu?" Nace masa iskar cikin tukunyar ana tace ta ko a busa ta waje bayan gwaji, tagogin kuma an yi su ne yadda za a iya cire su a canza, ɗan sama jannati ne ke buɗe murfin ya zura hannu. Ya kalli yaron shagonsa da ke tsugune yana kankare ƙarfe yace, "Kaji ko? Da digirinsu da komai." Ya sauke gilashin ya ƙyasta.